Yatsan Iya a Jikin Burodi

A can ƙuryar babban kanti, in ka wuce layin sabulu da na madarar gwangwani, akwai wani lungu mai ɗumi wanda hanci ke riga ƙafa isa. Nan ne sashen burodi, kuma nan ne wurin aikin mutumin da kowa ke kira Sai-Ya-Huce. Dattijo ne siriri, mai furfura jefi-jefi a gemu, da farar hular aiki wadda ba a taɓa ganin ta karkace ba. Ba shi ke kwaɓa fulawa ba, ba shi ke gashi ba. Aikinsa yana farawa ne daga inda na Mai Tanda ya ƙare. Zai jera burodi a kan ragar ƙarfe, ya jira, ya yanka wanda ake yankawa, ya sa a leda, ya ɗaure bakin da 'yar waya, ya manna kwanan wata, sannan ya kai kan kantar da ake jera wa masu saye.

Jiran nan ne ya ba shi suna. A wurinsa burodin da ya fito daga tanda numfashi yake yi, in ka rufe shi a leda da zafinsa sai tururin ya rasa hanyar fita, ya koma ruwa ya kwanta a jikin ledar, ɓawon ya jiƙe, kafin a ankara funfuna ta samu wurin zama. Don haka yakan ɗaga burodi, ya kara bayan hannunsa a ƙasansa, in ya ji ko ɗan ɗumi sai ya mayar. Mai saye na tsaye yana duba agogo yana cewa, "Baba, sauri nake yi," shi kuwa amsarsa ɗaya ce, cikin ladabi: "Sai ya huce." Wanda ya nace sai mai zafi, yakan sa masa a jakar takarda, ya bar bakinta a buɗe, ya gargaɗe shi kada ya rufe. An taɓa ganin sa ya bi wani mutum har wurin ajiye motoci, saboda ya hango shi yana murɗe bakin jakar.

Kafin ya zo kantin, ya yi shekaru yana ninke yadi a shagon wani mai atamfa, kuma daga can ya taho da hannunsa mai son daidaito. Ledarsa ba ta yin tattara. Takardar kwanan wata kullum a kusurwa ɗaya take zama, kai ka ce da ma'auni ya gwada. Kowace safiya, kafin sabon gashi ya fito, yakan bi abin da ya kwana a kanta, ya matsar da shi gefe, ya share ɓurɓushi da ɗan buroshinsa. A gida ma haka yake. Maiɗakinsa takan ce ko faɗa ba a iya yi da shi yadda ya kamata, domin kafin ya gama shirya amsa ita ta manta abin da ya haɗa su.

Mutum mai irin wannan hali, abu ɗaya ne ya hana shi sakat a wurin aiki, shi ne babban yatsan surukarsa.

Iya, mahaifiyar matarsa, a bayan kantin take zaune. Tsohuwar mai ɗinki ce wadda ta ajiye keke ba da daɗewa ba, amma ƙarfin yatsun da suka yi shekaru suna tura allura cikin yadi mai kauri yana nan bai je ko'ina ba. Kullum da safe za ta shigo da lemarta a hammata da kwandonta a hannu, ta yi wa surukin nata gaisuwa da ka kawai, domin a ganinta wurin aiki ba wurin zumunci ba ne. Daga nan sai ta fara daga farkon kanta. Ta ɗauki burodi, ta juya shi, ta danna masa babban yatsa a tsakiya, ta ajiye. Ta ɗauki na gaba. Kafin ta zaɓi guda, ta bar layi guda kowanne da ramin da ƙwai zai iya zama a ciki.

In ta tafi, Sai-Ya-Huce yakan fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallaɓa gefensu ko za su taso. Wasu kan taso. Yankakku kuwa ba sa dawowa, sai dai su tafi kwandon rangwame tun ba su yi rabin yini ba. Bai taɓa ce mata komai ba. Matar da ta ba shi 'yarta lokacin da ba shi da komai sai keken hawa, wadda har yau ba ya iya haɗa ido da ita, da wane baki zai ce mata ta cire hannu?

Mai Tanda kaɗai ya san dangantakar. Ƙaton mutum ne mai dariya da dukkan jikinsa, kuma bai taɓa barin abin ya wuce ba. Da ya hango lema daga tagar ɗakin gashi sai ya ce, "Malam, ga sufeto ta iso. Ka gaya wa yaranka su riƙe ciki."

Ana nan sai aka kawo sabuwar manaja, matashiya mai natsuwa wadda ke zagaya kantin da kanta maimakon ta zauna a ofis. Ba ta daɗe ba ta lura cewa kwandon rangwame na cika da burodin da ba abin da ya same shi sai lotsawa. Wata ranar Laraba ta kira Sai-Ya-Huce gefe, a bakin ɗakin gashi, ta nuna masa hoton kyamara a wayarta. Ga Iya nan tsaf, da lema da komai, yatsa ya nutse har gaɓa.

"Baba, ka san tsohuwar nan?"

"Tana zuwa," in ji shi.

Daga cikin ɗakin gashi aka ji Mai Tanda ya kama tari.

"Ba na son in ci mutuncin kowa," in ji Manaja, "amma wannan ɓarna ce, kuma aikinka ne take lalatawa. Ranar Litinin zan sa mai gadi ya tare ta a bakin sashen ya yi mata magana. In ta ƙi ji, sai dai ta riƙa tsayawa a miƙo mata."

Sai-Ya-Huce ya hango abin a zuciyarsa: mai gadi da muryarsa mai kama da ta lasifika, Iya a tsaye a gaban jama'a, shi kuma yana bayan kanta da farar hula. Ya san in haka ta faru, Iya ba za ta ƙara taka kantin ba, shi ma ba zai ƙara iya taka ƙofar gidanta ba.

"Ranki ya daɗe, a bar mini ita zuwa Litinin ɗin. In ban iya ba, sai a yi yadda kika ce."

Ta dube shi da ɗan mamaki, ta ce to.

Dabararsa ta farko mai sauƙi ce. Washegari ya zaɓi burodi mafi kyau a gashin safe, ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa. Iya na isowa ya fito da shi da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Iya, ga naki na ware miki. Na yau ne."

Ta dubi wajen da hannunsa ya fito. "Daga ƙarƙashin tebur? Ɗan nan, ni ma na yi sana'a. Na san irin kayan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Allah ya yi maka albarka, bar shi, zan zaɓa da kaina."

Ta karɓi wanda ya miƙo ɗin ma ta danna, sannan ta wuce wurin sauran da ke jere a kanta.

Da yamma ya kai kuka wurin maiɗakinsa. Tana tsinke alayyafo a tsakar gida, ta saurare shi har ya gama, sai ta ajiye tiren ta yi dariya har da share hawaye.

"Wato kai kunya, ni kuma ba ni da rai ko? Baban yara, matar da ta taɓa mayar wa likita takardar magani ta ce rubutunsa bai yi mata ba?"

"Ke 'yarta ce. Ki bi da ita ta gefe."

Ta je, ta bi ta gefen. Ta dawo ba a jima ba, ta zauna ta cire mayafi.

"Me ta ce?"

"Ta ce tun mijin nawa bai yi haƙori ba take sayen burodi. Ta kuma ce in gaya maka ka rame, ko ba na ba ka abinci ne."

Ran Juma'a ya gwada dabara ta uku. Ya samu farin kwali, ya ja layi da rula, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana roƙon masu saye kada su latsa burodi, su duba kwanan wata a jikin leda. Ya kafe shi daidai tsayin fuskar Iya. Mai Tanda ya fito yana goge hannu, ya karanta, ya ce, "Rubutu ya yi kyau. Saura ka ƙara a ƙasa: ban da surukai."

Iya ta zo. Sai-Ya-Huce ya laɓe a bayan ragar shanya burodi yana leƙe ta tsakanin tire da tire. Ta tsaya a gaban kwalin, hancinta ya kusa taɓa shi, amma ba ta ko ɗaga ido ba. Ba irin kau da kai na mai gangan ba ne, domin ya san wannan a fuskarta sarai. Ta dai wuce shi kamar bango. A nan ne ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba, don kullum in ta zo kansa a sunkuye yake. Kafin ta danna, sai da ta kai ledar dab da idonta, daidai kusurwar da yake manna kwanan wata. Ta matsar da ita nesa, ta dawo da ita kusa, ta karkata ta wajen fitila. Sannan ta ɗan ja tsaki a hankali, ta sa yatsa.

Ya tuna cewa da can ba ta latsawa, a 'yan shekarun nan ne ta fara. Ya tuna yadda ta ajiye keken ɗinki ta ce bayanta ne ke ciwo, alhali ga ta tana tafiya kamar soja. Wato Iya ba taurin kai take yi ba. Rubutun ne ya daina fito mata, ita kuwa ta gwammace a ce mata fitinanniya da a ce mata ba ta gani.

Wannan ya sauƙaƙa abin, ya kuma ƙara masa wuya. Yanzu ya san ciwon, amma ba shi da ikon ambatonsa. Ya wuni yana ɗaure leda yana tunani, har Mai Tanda ya tambaye shi ko an yi masa rasuwa ne. Can wajen la'asar, yana murɗa wata waya, sai bakinta ya ɗan soke shi a yatsa. Ya tsaya yana kallon ta.

Ran Asabar bayan an tashi daga aiki, ya sa rigarsa mai kyau, ya zuba ledoji da 'yan wayoyin ɗauri a aljihu, ya nufi gidan Iya. Ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma kamar kullum, aka gaisa har aka gaji. Da ta zuba masa shayi ya ga ta ɗora yatsa a bakin kofin don ta ji inda ruwan ya kai. Ya kau da kai.

"Iya, shawara na zo nema. Ta aiki ce."

"Ni kuma? Me na sani a aikin kanti?"

"Ɗauri ne. Masu saye suna kuka cewa rubutun kwanan wata ya yi ƙanana, ga sauri, ba mai tsayawa karatu. Ina son wani ɗauri da mutum zai taɓa kawai ya san burodin na yau ne. Na gwada, hannuna bai ba ni ba. Na ce wanda ya yi shekaru yana ƙulla zare ya fi ni sanin wannan."

Iya ta juyo da fuskarta wajensa ta daɗe. Shi kuwa ya ƙura wa kofinsa ido kamar akwai labari a ciki.

"Miƙo," in ji ta.

Ya zuba mata a cinya. Yatsun nan suka kama aiki ba tare da ta ko duba ba. Ta murɗa ta warware, ta yi wani ƙulli ta ce wannan zai ba mai buɗewa wahala, ta yi wani ta ce wannan zai huda ledar kusa da shi. Daga ƙarshe ta murɗa wayar ta kama bakin ledar gam, ta lanƙwasa bakunan biyu suka tsaya cirko-cirko kamar kunnen zomo.

"Ga shi. Na yau, kunne a tsaye. In ya kwana, ka bi da safe ka kwantar da kunnen. Ko a duhu mutum ya shafa ya sani."

"In na kwantar, ba zai tashi ba?"

"Waya ce, ba ɗan mutum ba. Inda ka ajiye ta nan take zama. Yi in gani."

Ya yi. Ta shafa ta ce kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya sake. Sai da ya ƙarar da wayoyin aljihunsa kafin ta ce ba laifi, za a iya fita da shi cikin mutane.

Ran Litinin tun da sassafe ya kwantar da kunnen 'yan burodin da suka kwana, ya matsar da su gefe. Sabon gashi ya fito, ya huce, ya shiga leda. Kafin a buɗe ƙofa kanta ta cika da kunnuwa a tsaye, layi-layi. Mai Tanda ya leƙo ya ce, "Yau kuma kiwo muka koma?"

Manaja ta zo ta tsaya kusa da layin madara, mai gadi na gefenta yana gyara bel. Sai-Ya-Huce ya ji hularsa ta yi masa nauyi. Ya san Iya ta iya ɗaurin, amma hannun da ya saba da abu ba ya neman izinin mai shi.

Lema ta bayyana. Iya ta yi gaisuwarta da ka, ta tsaya a farkon kanta, ta miƙa hannu. Babban yatsan ya nufi tsakiyar burodin farko, ya tsaya a iska kamar mai tunani. Mai gadi ya ɗaga ƙafa. Sai hannun ya zarce sama, ya sauka a wuyan ledar, ya shafa kunnuwan. Ta bi na biyu da na uku, wuya kawai take taɓawa, ta gyara wa wani kunnensa da ya ɗan karkace, sannan ta ɗauki guda ta sa a kwando. Mai gadi ya mayar da ƙafarsa inda take.

Da a nan abin ya tsaya, da Sai-Ya-Huce ya gode wa Allah ya koma bakin aikinsa. Amma a daidai lokacin wani mutum mai kwat da jakar hannu ya matso kusa da ita, ya cafki burodi ya matse shi har ledar ta yi ƙara. Iya ta juya, ta ɗora masa mariƙin lema a hannu.

"Ɗan nan, me ya yi maka? In kai aka matsa wa ciki haka da safe, za ka ji daɗi? Kawo hannunka. Ka ji wannan? In kunne na tsaye, na yau ne. Ba sai ka ji masa ciwo ba."

Mutumin ya shafa, ya ce, "To, Mama, na gode," ya ɗauki wanda ya matse ɗin ya tafi da shi, don bai ga hanyar ajiye shi ba.

Manaja ta ƙaraso ta gaishe ta da ladabi. Iya ta tambaya ko ita ce babbar wurin, ta ce ita ce.

"To, 'yata, ki sa ido. Mutane suna latsa muku burodi. Ba tarbiyya ba ce."

Manaja ta danne dariya, ta ce in Allah ya so za a kula. A ɗakin gashi wani tire ya faɗi, aka ji Mai Tanda yana neman numfashi.

"Wancan mai farar hular kuma," in ji Iya, tana nuni da lema wajen da take zaton yake, "mijin 'yata ne. Ni na koya masa ɗaurin. Yana da hankali, sai dai sanyin jiki."

Manaja ta juya ta dubi Sai-Ya-Huce. Shi kuwa a lokacin ya gano wani ɓurɓushi a kan teburinsa da ke bukatar shara cikin gaggawa.

"Baba," in ji ta, "ashe tana zuwa."

"Tana zuwa, ranki ya daɗe."

Ta sallami mai gadi ya koma bakin ƙofa, ta ce wa Sai-Ya-Huce ya cire kwalin nan ya rubuta wani da zai bayyana wa mutane maganar kunnen, ta wuce tana girgiza kai tana murmushi.

Iya ba ta tafi nan take ba. Ta matso bakin teburinsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi kamar tana gyara kayan kwandonta. Ta rage murya yadda ko Mai Tanda ba zai ji ba.

"Masu saye ne ke kuka da ƙananan rubutu, ko?"

"Haka ne, Iya."

"Hm. Allah ya shirye ka." Ta gyara lemarta a hammata. "Ka ce wa matarka ta shirya jibi ta raka ni wurin likitan ido. Ba wani abu ba ne, ƙura ce ta shiga. Kai kuma kada ka biyo mu, ka tsaya kan aikinka."

"To, Iya."

Ta kama hanyar wurin biya, tana tafe tana shafa gefen kantar kaya da hannu ɗaya. Sai-Ya-Huce ya bi ta da kallo har ta sha kwanar layin sabulu, sannan ya ɗauko wayarsa daga aljihu don ya kira gida.